Yadda za ka sa Google ya ga shafin kasuwancinka ba tare da an damfare ka ba

Da zarar mutum ya buɗe wa kasuwancinsa shafin intanet, sai saƙonni su fara kwararowa. Wannan ya ce zai kai shi sahun farko a Google cikin mako biyu, wancan ya ce zai yi masa rajista a ɗaruruwan injinan bincike. Aikin da suke tallatawa, wanda aka fi sani da SEO, wato gyara shafi don ya fito sama a sakamakon bincike, aiki ne na gaske, sai dai an cakuɗa shi da shaci-faɗi. Google da kansa ya faɗa ƙarara cewa babu mai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya. Saboda haka kafin ka zaro ko sisi, ga abin da za ka yi da hannunka.

Fara da tabbatar da cewa Google ya san da zamanka. Rubuta site: a wurin bincike, ka liƙa adireshin shafinka a jikinsa ba tare da barin fili ba. Idan babu abin da ya fito, duk wata kwaskwarima da za ka yi aikin banza ce. Buɗe asusu a Google Search Console, kyauta ne, ka tabbatar musu shafin naka ne, sannan ka miƙa taswirarsa, wato fayil ɗin sitemap.xml. A can za ka iya liƙa adireshin kowane feji a gaya maka ko an shigar da shi rumbun Google, in ba a shigar ba a faɗa maka dalili. Sau da yawa dalilin bai taka kara ya karya ba: maginin shafin ya sa umarnin noindex, mai hana Google shigar da feji rumbunsa, lokacin da yake aiki, ya gama ya manta da shi. A manhajar gina shafuka ta WordPress ɗan akwati ne guda a cikin saitunan karatu, cire alamar kawai za ka yi. Ita kuwa rajistar injina ɗari, manta da ita. Manhajar Google da ta Bing suna gano fejoji ne ta hanyar bin mahaɗai, wato links, daga wannan shafi zuwa wancan.

Daga nan sai rubutun, kuma nan ne aka fi tafka kuskure. Mutane da yawa sun ɗauka idan suka maimaita kalma sau hamsin, Google zai ɗora su a sama. Za ka ga fejin mai gyaran firiji yana cewa: “Gyaran firiji mai sauƙi, ƙwararrun gyaran firiji, kira mu don gyaran firiji.” Ai ko kwastoma ya shigo, guduwa zai yi. Wanda firijinsa ya lalace ga abin da yake rubutawa da dare a wayarsa: “firiji yana ƙara amma ba ya sanyi.” To ka yi feji guda a kan wannan matsala. Ka bayyana abin da kan jawo ta, ko iskar gas ce ta zurare, ko fanka ta tsaya, ko robar ƙofa ta saki. Ka faɗi abin da mai firijin zai duba da kansa, da lokacin da ya zama dole ya kira makaniki, ka sa lambar wayarka inda ido zai gani. Ɗauki tambayoyin da kwastomomi suka fi damunka da su, kowace ka ba ta fejinta, da kanun da ya faɗi abin da ke ciki. Tun 2011 Google ya fara danne fejojin da ba su da nama, a 2019 kuma ya shigo da BERT, fasahar da ke duba ma'anar jimla gabaki ɗaya. Shi kuwa gurbin ɓoye da ake cusa wa jerin kalmomi a bayan feji, tun 2009 Google ya sanar ba ya kallonsa wajen jera sakamako, amma har yau akwai masu karɓar kuɗi don cike shi. Maganar wai sai rubutu ya kai kalma dubu biyu ita ma ba ta da tushe. In amsar ta ƙare a kalma 300, tsaya nan.

Sai ka ajiye kwamfuta ka buɗe shafin a waya, domin fuskar waya ita Google yake dubawa, sauyin da ya kammala a 2023. Abin da ka ɓoye wa masu waya, kusan ka ɓoye wa Google ne. Gwada saurinsa a PageSpeed Insights, shafin Google na auna sauri. Ana so babban abin da ke fejin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma yawanci manyan hotunan da aka ɗora ba a rage nauyinsu ba su ne ke jan ƙafa. Kada ka takura kanka sai ka ci maki 100. Tabbatar kuma adireshin ya fara da https. Tun 2014 ake lissafa shi, ko da yake nauyinsa kaɗan ne.

Batun mahaɗai na buƙatar taka-tsantsan. Gaskiya ne idan wasu shafuka masu mutunci suna nuno naka, darajarka na ƙaruwa. Ƙarya ce a ce yawa shi ne magana. Mai sayar maka da mahaɗi dubu biyar a dare ɗaya daga shafukan bogi yake kwaso su, kuma tun sabunta tsarinsa da ya yi a 2012, mai suna Penguin, Google ke farautar irin wannan; ko dai ya yi watsi da su, ko ya hukunta shafinka. Nemi na halak: kamfanin da kake sarin kayansa ya sa ka a jerin dillalansa, ƙungiyar sana'arku ta sa sunanka, jarida ta ambace ka. Idan kuma aka nuna maka wani maki wai shi ne ƙarfin shafinka, tambayi na wane ne. Wanda aka fi yawo da shi, DA, na kamfanin Moz ne, Google ba ya amfani da shi.

Biyan talla a Google Ads ba ya ɗaga ka a sakamakon kyauta, ranar da kuɗin ya ƙare tallar ta ɓace. Wanda ke da shago ko ofis da ake zuwa, ya cike Google Business Profile, wato bayanan kasuwancinsa a Google, da adireshi, lokutan aiki da hotuna na gaske, ya roƙi kwastomomin da suka ji daɗi su rubuta ra'ayinsu. Ra'ayin da aka saya da kuɗi ana goge shi.

Bayan duk wannan sai jira. Google na cewa a kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin gyara. Kada ka riƙa auna kanka da bincika sunanka a wayarka, domin sakamako na bambanta gwargwadon inda mai bincike yake. Shiga Search Console sau ɗaya a wata, yana ajiye bayanan wata 16. Duba kalmomin da ake ganinka da su amma ba a latsawa, ka sake wa waɗannan fejojin kanu. In kuma ka yanke shawarar ɗaukar ƙwararre, ka sa ya rubuta maka duk abin da zai taɓa a shafin da inda zai samo mahaɗai, kuma asusun Search Console ya zauna da sunanka, shi ka ba shi izinin shiga kawai.