Yadda ake gano sunan kimiyya na tsiro da yadda ake rubuta shi

Kuskuren da ya fi yawa a kundin binciken ɗalibai, musamman masu aiki kan maganin gargajiya, shi ne a ɗauki sunan tsiro na Hausa a buga a intanet, duk sunan Latin da ya fito a kwafa. Sunayen gida ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kimiyya. Gero da maiwa da dauro suna uku ne a bakin manomi, amma a wurin masana nau'i ɗaya ne. Sunan kimiyya a jikin samfur yake rataye, wato busasshen tsiron da aka adana wanda kowa zai iya zuwa ya duba. Saboda haka aikin daga daji yake farawa.

Matakan rarraba halittu suna saukowa ne daga masarauta zuwa rukuni, aji, sahu, dangi, jinsi, sannan nau'i. A aikin yau da kullum ukun ƙarshe ne za ka riƙa mu'amala da su. Nau'i shi ne halittar kanta, jinsi shi ne gidan da ya tara nau'o'i makusanta, dangi kuma ya tara jinsuna. Magarya da kurna jinsinsu ɗaya, *Ziziphus*. Ɗorawa, gawo, tsamiya, wake da gyaɗa duk dangin Fabaceae ne, masu zuba 'ya'ya cikin kwasfa.

Ɗebo samfur

Yanki reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 35, domin takardar da za a manna shi a kai ba ta wuce kimanin 29 da 42 ba. Dole ya zo da fure ko 'ya'ya, in da hali duka biyun. Ganye kaɗai ba ya isa, don yakan sauya siffa gwargwadon inuwa da ruwa da shekarun itace, alhali ginin fure ba ya sauyawa. Wannan ya sa sanin lokaci yake da muhimmanci. Gawo yana kaɗe ganye da damina, sai da kaka yake tohowa ya yi fure, wanda ya je masa a watan Agusta ƙirare zai tarar. Furen kuka kuma da almuru yake buɗewa, washegari ya fara yaushi. Idan ciyawa ce ko ƙaramin tsiro, tono shi har saiwa.

Ɗebi aƙalla guda uku daga itace ɗaya, ka ba su lamba ɗaya. Nan take rubuta da fensir, tunda tawada tana zuba in ta jiƙe: kwanan wata, gari da ƙaramar hukuma, lambobin GPS, irin ƙasa, tsayin itacen, kamannin ɓawo, ko yana fitar da ƙaro ko farin ruwa, launin fure da ƙanshinsa, da sunan da mutanen wurin ke kiran sa. Launi da ƙanshi suna gushewa da bushewa, abin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan.

Shimfiɗa samfurin cikin tsohuwar jarida, ka kifa ganye ɗaya ko biyu domin bayansu ya fito. Sa kwali tsakanin kowace jarida da 'yar uwarta, ka danne da katako biyu ka ɗaure tamau. Sauya jarida kullum a kwana uku ko huɗun farko. Da hunturu mako guda ya isa, amma da damina in aka yi sakaci fumfuna za ta baƙanta shi. 'Yan dangin Fabaceae masu ƙananan ganye, irin bagaruwa, suna rufe ganye su zubar in aka bar su a leda, don haka a matse su tun a gindin itacen. 'Ya'ya masu ruwa a sa su cikin sinadarin ethanol mai ƙarfin kashi 70. In ana son gwajin DNA, a yagi ɗanyen ganye a binne shi cikin silika mai tsotse danshi.

Gano sunan

Fara da dangi. Dubi yadda ganye ke jere a reshe, ƙirga kunnuwan fure, wato ganyayensa masu launi, ka duba zaruruwan namijin fure da gilashi mai ƙara girma sau goma. In zaruruwan sun haɗe sun yi bututu, kamar a furen kuɓewa da auduga da yakuwa, ka nufi dangin Malvaceae. Furen kuka ma haka yake. A da an ware ta a wani dangi, Bombacaceae, sai binciken DNA ya mayar da ita cikin Malvaceae.

Daga nan sai mabuɗin tantancewa, irin wanda ke cikin littafin Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel. Kowane mataki zaɓi biyu ne masu karo da juna. Misali, bayan ganye yana da gashi mai kauri, fari ko ruwan ƙasa: magarya, *Ziziphus mauritiana*. Bayan ganye kusan sumul: kurna, *Ziziphus spina-christi*. Karanta zaɓin biyu har ƙarshe kafin ka ɗauki ɗaya, kuma ka auna da rula, kada ka kintata. Kuskure ɗaya a sama zai kai ka wani jinsi dabam ba tare da ka ankara ba. Idan ka isa ga suna, karanta cikakken bayanin nau'in, sannan ka kai samfurin ma'ajiyar busassun tsirrai a gwada shi da waɗanda aka riga aka tantance, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan. Karɓi lambar ajiya ka sa a rubutunka. Manhajar waya mai gane tsiro daga hoto tana iya nuna hanya, amma ba hujja ba ce.

Rubuta shi

Tsarin suna mai kalma biyu na Carl Linnaeus ne, masanin ƙasar Suwidin. Lissafin sunayen tsirrai yana farawa daga 1753, na dabbobi daga 1758. Kalmar farko jinsi ce, da babban baƙi take farawa. Ta biyu da ƙaramin baƙi, ko da daga sunan mutum ko ƙasa aka samo ta, kuma ba ta tsayawa ita kaɗai. Duka biyun da karkataccen rubutu ake buga su, in da hannu ne a ja wa kowacce layi dabam a ƙarƙashinta. Sunan dangi ba a karkata shi: na tsirrai yana ƙarewa da -aceae, na dabbobi da -idae.

A ambaton farko kawo suna cikakke tare da wanda ya raɗa shi: *Adansonia digitata* L., wato kuka, inda L. ke nufin Linnaeus. Bayan haka *A. digitata* ya wadatar. Baka biyu suna da ma'ana, ba ado ba ne. A *Faidherbia albida* (Delile) A.Chev., Delile ne ya fara bayyana gawo a matsayin *Acacia albida*, Chevalier kuma ya mayar da shi sabon jinsi. Masana dabbobi suna ƙara shekara, kuma ba sa ambaton wanda ya sauya jinsi: zaki shi ne *Panthera leo* (Linnaeus, 1758). Su an yarda su maimaita kalma, kamar *Crocuta crocuta*, kura, amma a tsirrai haramun ne. Idan jinsi kawai ka gano, rubuta *Ziziphus* sp., in nau'o'i da yawa kake nufi spp., ba tare da karkata su ba. Irin da aka inganta ana sa shi cikin alamar zance guda: *Arachis hypogaea* 'SAMNUT 24', wani irin gyaɗa.

Kafin ka miƙa aiki, duba sunan a rumbun Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, domin tsofaffin littattafai cike suke da sunayen da aka daina amfani da su. Dalili biyu ke kawo sauyi. Na farko haƙƙin riga: sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke da iko. Kaɗanya ta daɗe ana kiran ta *Butyrospermum parkii*, amma *Vitellaria paradoxa* na 1807 ya riga shi. Na biyu sabuwar hujja kan zumunci. Da aka gano cewa *Acacia* tarin jinsuna ne daban-daban, taron masana tsirrai na 2005 a Biyana, wanda na 2011 a Melbon ya jaddada, ya bar wa itatuwan Ostareliya sunan, bagaruwa ta koma *Vachellia nilotica*. Rashin dacewar ma'ana kuwa ba ya sa a sauya suna: tsamiya tana nan *Tamarindus indica* duk da ana ganin asalinta Afirka ne.

Idan samfurinka bai dace da komai ba, kada ka yi gaggawar cewa sabo ne, galibi sananne ne da ya girma a wani yanayi. In masana jinsin sun tabbatar, sai a zaɓi samfur guda ya zama ma'aunin sunan, a faɗi ma'ajiyar da yake, a wallafa bayanin abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa. Tun daga 1 ga Janairu 2012 ana karɓar wannan bayani da Latin ko Turanci.