Inda gaggawa take cinye jari: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A kasuwannin Garwa, Marwa da Kusuri, sau da yawa jari yakan karye ne tun ranar da aka yanke shawara, asarar ce kawai take jinkirin bayyana. Maganin gaggawa haƙuri ne, amma haƙurin da ake nufi a nan yana tafiya da lissafi da guzuri. Wanda ba shi da abin cefane a gefe ba zai iya jira ba, komai natsuwarsa.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne zuba kuɗin da ke da ranar biya a cikin abin da ke buƙatar lokaci. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara na watan Satumba, zubin adashi, bashin da aka ɗauko: kowannensu yana da ranarsa, kasuwa kuwa ba ruwanta da ranar kowa. Mutum ya sayi gero da kaka da niyyar riƙewa sai damina, wata biyu ba su cika ba mai gida ya aiko, dole ya fitar da buhunan a farashin da ya saya ko ƙasa da haka, ga kuɗin dako ya tafi. Gyaran shi ne a raba kuɗi gida uku tun kafin a shiga kasuwa: na cefanen gida da lalura na wata uku zuwa shida, na jujjuyawar yau da kullum, sannan wanda za a iya mantawa da shi shekara guda. Na ukun nan kaɗai ya cancanci ajiyar hatsi, kiwo ko fili.

Sai ajiyar albasa, inda mutane suka fi ruɗuwa. Kowa ya san farashi yakan faɗi lokacin da ake cire ta a rani, ya tashi idan damina ta yi nisa. Abin da ba a lissafawa shi ne albasa tana raguwa a ɗaki: tana bushewa, tana ruɓewa, wata ta tsiro. A ce ka sayi buhu 100 a kan sefa 15,000 kowanne, wato 1,500,000. Haya, dako da ladan masu tsincewa suka ci 200,000. Idan kashi ɗaya cikin uku ya lalace, buhu 67 suka rage, kuma sai ka sayar da kowanne a kan wajen 25,400 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Mai gaggawa yakan ga farashi ya kai 22,000 ya yi murna ya sayar, bai san asara ya yi ba. Wani kuma ya wuce gona da iri, ya riƙe har sabuwa ta shigo kasuwa. Don haka a rubuta farashin fita tun ranar saye, a sayar kashi-kashi: wani idan an kai inda kuɗi ya dawo, wani idan riba ta bayyana, ragowar kafin sabuwa ta fito. A kuma bar albasa ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe kafin a shigar da ita, a shimfiɗa ta a kan katako inda iska ke ratsawa, a tsince ruɓaɓɓu duk mako biyu.

Wake ya fi sauƙi. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda dabararsa ta samo asali daga aikin masu bincike na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, a Marwa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Sai dai a shanya waken ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda daban, kuma a daina buɗewa ana leƙawa. Buɗewar nan ta rashin haƙuri ita ke mayar da iska ciki, ƙwarin su farfaɗo.

Kiwon ragon layya ma lissafi ne. Rago na 60,000 da ya ci dusa, harawa da tunkuzar angurya na sefa 400 kullum har kwana 90, aka ƙara magani na 4,000, ya tsaya a 100,000. Wanda ya ɗura masa abinci mai nauyi tun makon farko don ya yi ƙiba da wuri, kumburin ciki zai jawo masa. A fara da maganin tsutsar ciki, a riƙa ƙara abincin kaɗan-kaɗan cikin mako biyun farko.

Abin da ya fi ciwo shi ne tsare-tsaren riba mai sauri, domin su suke cinye kuɗin zawarawa da na ma'aikatan da suka yi ritaya. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. A Yawunde hukuma ta dakatar da wani tsarin irin wannan mai suna MIDA a Afrilun 2018, bayan dubban mutane sun zuba kuɗinsu. Yau irinsu suna zuwa ta WhatsApp da Telegram, a biya ta Orange Money, MTN MoMo ko Airtel Money. Lissafi ɗaya ya isa ya tona su: sefa 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta haura miliyan 2.3 a shekara guda. Ba cinikin shanu a Adumri da ke yin haka, ba na auduga, ba na mai. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, shi ya sa ɗan uwanka da ya nuna maka abin da ya karɓa ba ƙarya yake yi ba, shi ma tarko ne aka ɗana da shi. Tambayoyi uku ake yi. Me ake saye, me ake sayarwa? Wurin yana da lasisin ma'aikatar kuɗi, yana kuma ƙarƙashin sa-idon COBAC, hukumar da ke kula da bankuna a ƙasashen Afirka ta Tsakiya? Me ya sa dole sai yau? Duk wanda ya ce damar za ta rufe gobe, a ce masa sai bayan mako guda. Cinikin gaskiya yakan jure mako guda.

Biye da wannan akwai hanƙoron rama asara. Wanda rabin jarinsa ya tafi, sai ragowar ta ninka kafin ya koma inda yake, kuma jin zafin haka ne ke tura mutum ya ciwo bashi ko ya faɗa cacar ƙwallo ta waya. Bayan babbar asara a dakata wata guda ba tare da sabon ciniki ba, a rubuta abin da ya faru, sannan a dawo da ƙaramin kaso.

Masu cinikin kan iyaka, ta Mubi, Banki ko Gamboru, suna da nasu darasin. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, darajarta ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 700, farkon 2024 ta wuce 1,400. Wanda ya tara naira don ya ga ta yi araha, yana jiran ta farfaɗo, ya sha wuya. Jira a kan abin da ke narkewa ba haƙuri ba ne. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma ita ma an raba darajarta biyu a Janairun 1994. A riƙe kuɗin ƙasar da za a kashe shi a cikinta, a canja iya abin da sarin wannan tafiyar yake buƙata.

Fili kuwa, da rani duk ƙasa kyakkyawa ce. Ambaliyar 2012 a Garwa, da ta 2022 da 2024 a Njamena da gaɓar Logon, sun nuna unguwannin da ruwa ke kwanciya. A je a ga fili a watan Agusta ko Satumba, a tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara. Takardar jauro ko lawan shaida ce mai amfani, amma ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba. A bincika a ofishin filaye ko wani ya riga ya yi rajista, a tabbatar duk magada sun sa hannu, a biya kashi-kashi a gaban shaidu.

Magadan su ma sukan yi wa kansu wannan ɓarnar. Ana gama sadakar arba'in dillalai sun fara sallama, domin sun san gidan na buƙatar kuɗi kuma zukata ba su kwanta ba. Idan babu bashin mamaci da ya matsa, a yi rabon a gaban malami ko alƙali, kowa ya san kasonsa a rubuce, a ba da gonar haya damina guda. A cikin shekarar nan za a ga abin da take bayarwa, a ji farashi daga dillalai uku da ba su san juna ba, kuma wanda yake son sayen kason 'yan uwansa ya sami lokacin tara kuɗi.