Babi na 6: Zaɓen Fulogi Ga Injin Da Aka Ƙara Wa Ƙarfi

Darasi na 1: Lambar da ke jikin fulogi

Kowa ya ɗauko fulogin da ya zo da shi. Mu nan Garwa buji muke ce masa, duk abu ɗaya ne. Goge farin tangaran ɗin da tsumma. Ka ga rubutu? Kada gabanka ya faɗi, haruffan da muka riga muka koya ne. A jikin nawa an rubuta NGK, sunan kamfanin da ya yi shi, sannan C7HSA, irin na ƙananan babura. Ɗora yatsa a kan C. Matsa gaba kaɗan. Wannan 7 ɗin ita muke nema.

A fulogin NGK, babbar lamba ita ce mai sanyi. 8 ta fi 7 sanyi, 7 ta fi 6 sanyi. Sanyin nan bai shafi ƙarfin tartsatsi ba. Ana nufin fulogin yana saurin sauke zafin bakinsa cikin kan inji. Injin da aka rarake silindarsa aka sa masa babban fistan zafinsa ya ƙaru, saboda haka mai sanyi yake so.

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, kuma ban ga laifinku ba. A watan Afrilu in rediyo ya ce zafi ya kai 42, mun san an sha rana, sai zuciya ta ɗauka babbar lamba zafi ce. A NGK ba haka ba ne. Mu faɗa tare: babbar lamba, mai sanyi. A sake. Madalla! Rubuta 6, 7, 8 a littafinka, ka zagaye wadda ta fi sanyi. In 6 ka zagaye, goge, babu komai. 8 ce.

Amma fa jama'a, a bar hira in ana karatu. Bara wani ɗalibi yana ta gyaɗa kai, ya je ya sa 6 a babur da aka rarake, ya hau hanyar Marwa, bakin fulogi ya yi ja, fistan ya huje. Sau nawa zan faɗa? Babbar lamba, mai sanyi. Kuma na NGK kaɗai nake nufi, don Bosch da Champion lissafinsu a juye yake.

Darasi na 2: Iskar naitiros

Kun dame ni da motocin tsere na Amurka da kuke kallo a waya. Iskar naitiros da wasunsu ke fesa wa inji, in ta ɗauki zafi a cikin silinda sai ta saki iskar oksijin, mai ya ci da yawa, zafi ya ƙaru ƙwarai. Masu tsere kan ƙara matakin sanyi ɗaya a duk ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100, su zaɓi mai gajeren baki, su rage tazarar bakin. Daga 7 ina za su? 8. Wanda ke zuba zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, kada ma ya fara.

Darasi na 3: Tsawo

Harafin da ke bayan lamba, kamar H ɗin C7HSA, shi ke nuna tsawon wajen da ake murzawa cikin inji. H gajere ne, milimita 12.7. E dogo ne, milimita 19. Dogo a ramin gajere fistan zai doke shi. Jera sabo da tsoho kafin ka ɗaura.

Darasi na 4: Launi

Kwance fulogi ka duba launin bakinsa. Ƙasa-ƙasa, daidai ne. Baƙin toka, ya yi sanyi da yawa ko mai ya yi yawa. Fari fat, ya yi zafi da yawa, kashe inji.