Masu rubuta sanarwar manema labarai da AI, ga shawara

Salam 'yan uwa. Mu da muke ƙananan kamfanonin hulɗa da jama'a ChatGPT, wato manhajar AI (ƙirƙirarriyar basira) mai yi wa mutum rubutu, na rage mana aiki sosai, amma don Allah kar ku ce masa kawai rubuta min sanarwa, ku fara ba shi komai da kanku, wane ne, me ya faru, yaushe, a ina, da ainihin kalaman oga yadda ya faɗa. Ni na taɓa barinsa haka, wallahi sai ya ƙirƙiro maganar da kwastoma bai taɓa yi ba, Allah ya sa na duba kafin in tura wa 'yan jarida. Sunaye da muƙamai da alƙaluma kuwa ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Sirrin kwastoma kuma kar a zuba masa.