Yadda Ake Gane Laikin na Xylographa parallela

Laikin halitta ce da naman gwari da gansakuka suka haɗu suka zama jiki ɗaya, kuma wannan nau'in yana rayuwa ne a kan busasshen itacen da ɓawonsa ya saɓule, musamman kututture da faɗaɗɗun gungumen itatuwa masu ganye kamar allura.

Mai nema ya tanadi gilashin da ke ƙara girma sau 10, domin jikin laikin ɗin yana nutse a cikin itacen, sai ɗan fari-fari kawai ake gani. Abin dubawa shi ne 'ya'yansa, wato sassan da ke ɗauke da ƙwayoyin irinsa, waɗanda suke siraran layuka masu launin ƙasa-ƙasa zuwa baƙi, suna kwance a jere bisa tsawon zaren itacen kamar an zana su da alƙalami. Idan aka ga ɗigo-ɗigo masu gari a saman itacen, to mai yiwuwa ɗan'uwansa ne, Xylographa vitiligo. Ba a yanke hukunci sai an duba ƙwayoyin irinsa a maikiroskof, na'urar ganin ƙananan abubuwa, inda za a same su takwas a kowace 'yar jaka da ke cikin 'ya'yan, marasa launi kuma marasa rabuwa a ciki.

Ana samunsa a dazuzzukan sanyi da tsaunukan Turai, arewacin Asiya da Arewacin Amurka.