Sai An Sa Wa Muƙalar Neman Jami'a a Amurka Take?

Ƙanwata ta kira ni da daddare. Ta gama muƙalarta ta Common App, shafin intanet da ake neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka ta cikinsa, amma kwana biyu ke nan take ya hana ta barci. Na ce mata, "Kwantar da hankalinki, ba dole ba ne."

Akwatin da ake zuba rubutun ba shi da gurbin take, kuma iyakarsa kalmomi 650. Duk abin da aka ɗora a sama yana cikin lissafi. Shawarata, in rubutun ya cika maƙil, a haƙura da take, a ƙarfafa jimlar farko.

In kuwa ana so, sai an kammala rubutun tukuna. A ɗauko abu guda daga cikin labarin, wanda ido ke iya gani. Ita a kan keken ɗinkin kakarmu ta yi rubutu, keken da ke yin ƙara duk lokacin da aka taka shi, har maƙwabta sun san Kaka ta fara aiki. Taken farko da ta sa da Turanci, ma'anarsa "Tafiyar Rayuwata". Ɗalibai nawa ne za su rubuta irinsa? Muka mayar da shi "Keken Kaka", a layinsa shi kaɗai. Kada kuma a kwafi tambayar muƙalar da aka zaɓa cikin waɗanda Common App ke bayarwa a mai da ita take.