Yadda ake magance jinkirin kwashe bidiyo daga faifan DVD zuwa kwamfuta

Gidaje da yawa suna da tarin fayafayai a durowa: na biki, na suna, na walimar saukar karatu, na tafsirin azumi. Yanzu da na'urorin kallon faifai ke ɓacewa daga kasuwa, kowa so yake ya mayar da su kwamfuta ko waya. Sai ka saka faifai, ka buɗe manhaja, ta ce maka saura awa uku. Kafin ka ɗora wa kwamfutarka laifin tsufa, ko ka nufi kasuwa sayen wata na'ura, ka san cewa aiki biyu ne ake yi a lokaci guda. Akwai karanta abin da ke kan faifan, akwai kuma matse bidiyon a juya shi zuwa MP4. Na farko aikin na'urar faifai ne, na biyu aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne. Wanda ya fi nawa a cikinsu shi ke riƙe ɗayan. Sai ka gano wane ne kafin ka taɓa komai.

Mataki na farko: raba aikin biyu, ka auna

Rufe manhajar juya bidiyo. Buɗe faifan kamar yadda kake buɗe filash, za ka ga folda mai suna VIDEO_TS. A cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB, IFO da BUP, kuma VOB su ne bidiyon, kowanne bai wuce giga 1 ba. Kwafi foldar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, ka zuba ido kan saurin da Windows ke nunawa. Fayafayan da masu ɗaukar biki ke bugawa yawanci ba su da makullin hana kwafi, don haka kwafin zai tafi.

Ga ma'aunin da za ka yi hukunci da shi. Saurin da ake kira 1x a DVD kusan mega 1.4 ne a daƙiƙa. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, mai shimfiɗa biyu giga 8.5. Idan na'ura na tafiya a 2x, cikakken faifai na giga 4.7 zai ci kusan minti 28, mai giga 8.5 kuwa ya haura minti 50. Idan tana tafiya a 6x, minti 10 ma ba zai cika ba. Siririyar na'urar laftof iyakarta 8x, babba ta kwamfutar tebur tana kai 16x ko fiye.

Kada ka yanke hukunci a mintin farko. Ana karanta faifai ne daga tsakiya zuwa baki, kuma saurin da aka rubuta a jikin na'ura a bakin faifai kaɗai take kai shi. Mai 8x tana farawa ne wajen 3x, ta riƙa hawa a hankali. A faifai mai shimfiɗa biyu kuma, sau da yawa shimfiɗa ta biyu daga baki take dawowa ciki, sai ka ga saurin ya hau sannan ya sauka. Wannan ba ciwo ba ne.

Idan kwafin ya ƙare cikin minti 10 zuwa 15, na'urar faifanka lafiyarta ƙalau, ka tsallaka zuwa mataki na biyar. Idan bai ƙare ba, yanayin jinkirin zai gaya maka inda matsalar take. Sauri na hawa yana faɗuwa zuwa sifili, na'ura na ƙugi tana tsayawa: faifan ne ko idon na'urar. Sauri ya kafe a mega 2 zuwa 3 ba ya motsi: an taƙaita na'urar ne. Ya tsaya wajen mega 1: ka duba wayar USB da mahaɗa.

Mataki na biyu: duba faifan

Nan ne mafi yawan jinkiri yake, musamman a fayafayan da suka sha hannun yara. Duk inda na'ura ta kasa karanta wani gurbi, rage gudu take yi ta sake gwadawa, ta sake, ta sake. Gurbi ƙanƙani zai iya cinye minti 20.

Ɗaga faifan a haske ka duba ƙasansa. Shatin yatsa da maiƙo da ƙura duk suna fita. Sami ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau, ka goge daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka goge a zagaye, domin bayanan a zagaye aka jera su, kuma karcen da ya bi zagayen yana lalata dogon layi a jere wanda na'ura ba za ta iya cikewa ba. Karcen da ya ratsa a miƙe kuwa sau da yawa takan tsallake shi. Idan dattin ya kama, ruwa da ɗigon sabulun wanke kwanuka sun isa, ka bar shi ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina.

Maganar goga man goge baki a kan karce, wadda ta yaɗu sosai, ni ba na ba da shawararta a kan faifan da ba ka da na biyunsa. Kankare robar yake yi, wani lokaci ya taimaka, wani lokaci ya ƙara dusashe ta. Gara ka fara gwada faifan a wata na'urar. Na'urori ba ɗaya suke ba wajen haƙuri da karce, kuma manya na kwamfutar tebur sukan karanta abin da na laftof suka ƙi.

Akwai kuma lalacewar da ba a gani da sauƙi. Faifan DVD-R da ake bugawa a shago, rini ne a cikinsa wanda hasken na'ura ya ƙona ya zama rubutu, kuma zafi da rana suna kashe wannan rini. Faifan da ya shekara a mota ko kusa da taga yana iya zama sumul a ido amma yana wahalar karantuwa. Irin wannan, idan ya karantu sau ɗaya ko da a hankali ne, ka bar shi ya gama, kada ka katse don neman sauri. Wanda ya iya Linux ya yi amfani da manhajar ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya sannan ta dawo kan masu matsala, kuma tana tuna inda ta tsaya idan wuta ta ɗauke.

Idan kowane faifai ka saka haka yake yi, har da sabo, to idon na'urar ne. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa. A na'urar laftof ana ganinsa da zarar an jawo tiren, sai a shafa shi a hankali da auduga mai tsinke. Idan bai gyaru ba, ƙarfin haskensa ne ya ragu, sai canji.

Mataki na uku: waya da wuta

Wannan na masu na'urar waje ne, wadda ake jonawa ta USB. Mahaɗar USB 2.0 ta wadatar da DVD, domin tana iya wuce mega 30 a daƙiƙa. Matsalar ita ce wuta. USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900, alhali injin da ke juya faifai yana son fiye da abin da ta farkon ke iya ba shi. Shi ya sa wasu na'urorin ke zuwa da waya mai kai biyu. Jona duka biyun. Jona kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta ƙaramin akwatin raba mahaɗa ba, kuma a kwamfutar tebur ka yi amfani da ramukan baya. Idan akwai rami mai shuɗin ciki, shi ne 3.0, can za ka saka. Waya doguwa ko mai araha takan sa haɗin ya koma USB 1.1, wanda bai fi mega 1 da ɗoriya a daƙiƙa ba, ƙasa da 1x ke nan.

Mai tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da faffaɗar wayar IDE yana da nasa ciwon daban. Idan kurakuran karatu suka taru, XP yakan sauke na'urar daga tsarin DMA mai sauri zuwa PIO mai jinkiri, ya bar ta a can ko bayan an cire mugun faifan. Alamarsa, kwamfuta duka ta yi nauyi lokacin kwafi, har sauti na sarƙewa. Shiga Device Manager, ka buɗe IDE ATA/ATAPI controllers, ka duba tashar da na'urar ke kai. Idan ka ga PIO, cire tashar da Uninstall ka sake kunna kwamfuta, za ta dawo da DMA.

Mataki na huɗu: na'urar da aka ɗaure

Wasu kamfanoni suna taƙaita gudun na'ura da gangan idan ta gane faifan bidiyo ne, don kada ƙararta ta dami mai kallo. Ana kiran wannan riplock. Gwajinsa da sauƙi: saka faifan DVD mai fayiloli zalla, irin na manhaja. Idan wannan ya yi gudu amma na bidiyo ya kafe wajen 2x, ka gano shi. Akwai masu canza manhajar cikin na'urar don cire ɗaurin, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin na'urar ta mutu ke nan. Fayafayai goma ba su kai wannan kasada ba. Ka haƙura da rabin awa kowanne, ko ka ari wata na'urar.

Mataki na biyar: matse bidiyon

Tambayi kanka tukuna ko kana buƙatar matsewar. Idan adanawa kawai kake so, foldar da ka kwafa ta isa, manhajar kallon bidiyo ta VLC tana buɗe ta. Idan fayil guda kake so, manhajar MakeMKV tana haɗe bidiyon ta zuba shi a fayil irin na MKV ba tare da ta taɓa ingancinsa ba, kuma ba ta wahalar da kwamfuta. Girman dai yana nan yadda yake. Matsewa ta zama dole ne idan za a tura wa 'yan uwa ta waya ko wuri ya yi kaɗan.

Idan za ka matse, manhajar HandBrake kyauta ce kuma ta isa, sai dai sababbin fitowarta suna son Windows 10 ko 11. Abu mafi muhimmanci: nuna mata foldar da ke kan kwamfuta, ba faifan ba. Matsewa kai tsaye daga faifai tana sa na'ura ta yi ta juyawa awa biyu ko uku tana zafi, kuma kuskure ɗaya a ƙarshe ya mayar da kai farko.

Bidiyon DVD ƙarami ne. A tsarin PAL, wanda Najeriya da Ghana ke bi, 720 sau 576 ne, hoto 25 a daƙiƙa. A NTSC na Amurka 720 sau 480 ne. Don haka a Preset na HandBrake zaɓi Fast 576p25 ga na farko, Fast 480p30 ga na biyu. Wasu manhajojin sukan ba ka zaɓin kumbura shi zuwa 1080. Ɓata lokaci ne da wuri, abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu mai ƙirƙiro shi.

A shafin Video, bar tsarin matsewa a H.264. H.265 da AV1 suna fitar da ƙaramin fayil amma suna cin lokaci ninki, kuma tsofaffin wayoyi da talabijin ba duka ke buɗe su ba. Ja Encoder Preset zuwa Fast ko Very Fast, ka bar lambar RF, wato ma'aunin ingancin hoto, tsakanin 20 da 22. Idan a jerin ka ga H.264 mai Intel QSV, Nvidia NVENC ko na AMD, gwada shi. Wani sashe ne na musamman a cikin kwamfutar ke yin aikin, kuma Intel ta fara saka nata tun 2011, don haka laftof ɗin gwanjo da yawa suna da shi. Fayil ɗin yakan ɗan fi girma, amma saurin ba a haɗa su.

A shafin Filters, kashe Denoise, musamman NLMeans, wadda ita kaɗai tana iya ninka lokacin aiki. Deinterlace kuwa kada ka kashe ta a bidiyon biki. Kyamarorin wancan zamani rabi-rabi suke ɗaukar hoto, idan ba a haɗe shi ba za ka ga zane kamar haƙoran mataji a gefen duk abin da ke motsi. Daga cikin zaɓin Deinterlace, Yadif ba ta da nauyi.

Kafin ka saki aikin gaba ɗaya, matse babi ɗaya ka duba lambar fps da ke ƙasa, wato yawan hotunan da ake matsewa a daƙiƙa. Bidiyon awa biyu a PAL hotuna 180,000 ne. Idan kwamfutarka na yin 100 a daƙiƙa, minti 30 ne. Idan 25 take yi, awa biyu cur. Da wannan lissafi za ka san ko canjin da ka yi ya yi amfani.

Faifan fim na kasuwa mai makulli, HandBrake ba ta buɗe shi da kanta, kuma fim ɗin da ake sayarwa haƙƙin masu shi ne. Masu sana'ar fim a Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu satar fasaha, ba sai an ƙara musu ba.

Mataki na shida: zafi, caja da wurin ajiya

Laftof a kan batir rage ƙarfinta take yi. Jona caja, ka sa tsarin wuta a Best performance. Zafi ma haka: matse bidiyo yana sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi aiki ɗari bisa ɗari, idan ta yi zafi sai ta rage gudu don kare kanta. Idan fps ya fara da kyau sannan ya zube bayan minti 10, zafi ne. Sauke ta daga katifa ko darduma, ɗaga bayanta iska ta shiga, a hure ƙurar fankarta. A watannin bazara, aikin dare ko na asuba ya fi. Danna Ctrl, Shift da Esc tare ka ga ko wata manhaja na cin ƙarfi a ɓoye, ka rufe burauza.

Kada ka sa sakamakon ya sauka kai tsaye a filash. Filash mai araha yakan rubuta a hankali fiye da yadda faifai ke karantuwa. Kuma idan tsarinsa FAT32 ne, ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, sai aikin ya tsaya ana dab da gamawa. Ajiye a kwamfuta tukuna, ka mayar da filash ɗin exFAT ko NTFS bayan ka kwashe abin da ke ciki, sannan ka tura.

Idan tsohon VCD ne a hannunka, ba za ka ga VIDEO_TS ba. Foldar MPEGAV za ka buɗe, ka kwafi fayilolin DAT, VLC na kunna su. Girman hotonsu 352 sau 288 ne kawai, faifan duka bai wuce mega 800 ba, don haka matse su ba ya ƙara komai sai dusashewa.

Mai fayafayai da yawa ya kwafe su duka da rana, kowanne a foldarsa da sunan taron da shekararsa. Sannan ya jera su a HandBrake da Add to Queue, ya zaɓi Shutdown a wajen When Done, ya bar kwamfutar ta yi aikinta a lokacin da ya fi tabbacin wuta.